Talla ta koma tafin hannu

Bidiyon bai cika minti ɗaya ba. Matashi ne tsaye a bakin shago a Kantin Kwari, ya saɓa shadda a kafaɗa, ya warware yadi biyu yana girgizawa don rana ta bugi sheƙin. Babu doguwar gaisuwa. Daga sallama sai farashi, daga farashi sai rantsuwa cewa ba ta zuba, sannan ya murza gefen ƙyallen dab da waya don mai kallo ya ji ƙararsa. Lambar waya tana ta gilmawa a ƙasa. Ƙaninsa ne ya riƙe masa wayar, shi kuma ya yanka ya haɗa da manhajar CapCut yana zaune a kan dila. Idan ya taki sa'a, kafin la'asar an gan shi a Maraɗi, an gan shi a zangon Kumasi, wata Hajiya a Jidda ta turo saƙon murya tana tambayar ko akwai ruwan toka.

Shekara 20 da suka wuce, wanda ke son a san hajarsa sai ya je gidan rediyo ya biya kuɗin sanarwa, ko ya ɗaura lasifika a kan mota ya bi kasuwannin ƙauye. Mace kuwa sai ta ɗora wa 'yarta faranti, ko ta damƙa kayan a hannun dillaliya. Duk waɗannan suna nan ba su mutu ba, amma idon mai saye ya koma kan waya, talla kuma inda ido yake can take zuwa.

Ɗabi'ar miƙa bidiyo daga hannu zuwa hannu ta riga intanet shiga wayoyinmu. An yi gwanjon lasisin wayar salula a Janairun 2001, MTN da Econet suka fara aiki a Agustan shekarar, lokacin da layukan NITEL a duk faɗin Najeriya ba su kai rabin miliyan ba. Glo ta shigo a 2003 da lissafin kira daƙiƙa-daƙiƙa, layi ya fara araha. Kafin data ta zama abin da talaka zai iya saya, akwai Bluetooth da memori. A 2007 wani bidiyon sirri da ya shafi wata 'yar fim ya fita daga waya guda ya karaɗe Kano da kewaye ba tare da ya bi ta kowane shafi ba, har ta kai ga dakatar da ɗaukar fim na wata 6 a jihar, aka kuma tsaurara dokokin Hukumar Tace Fina-finai. Bayan haka sai ga masu turi, samari da kwamfutoci a bakin kasuwa da tasha, ka miƙa memori da 'yan canji a cika maka shi da fim da waƙa da wa'azi. Suna cikin abin da ya durƙusar da kasuwar faifan Kannywood. Su ne kuma suka saba wa mutane da cewa abin kallo a aljihu yake zama, kuma idan ya yi daɗi a tura wa na kusa.

Wayar da ta ɗauki wannan ɗabi'a ta kai ta intanet ba iPhone ba ce. Tecno ce da Infinix da itel, dukkansu na kamfani ɗaya, Transsion, da ke birnin Shenzhen na ƙasar Sin, wanda ke riƙe da kusan rabin kasuwar wayoyin zamani a Afirka. Kamfanin ya lura da abubuwan da manyan kamfanoni suka raina. Ya sa gurbin layi biyu, saboda a nan ba mai dogara da sabis ɗaya. Ya sa batir mai jimiri, saboda wuta sai an ga dama. Ya gyara kyamara yadda baƙar fata za ta fito fes ko da haske ya yi ƙaranci, wanda a sana'ar ɗaukar kai ba ƙaramin abu ba ne. Duk wanda ya leƙa kasuwar waya ta Farm Centre a Kano zai ga yadda ciniki ya sauya: a da ana tambayar ƙarar lasifika da tocila, yanzu tambayar farko ita ce kyamara da girman ma'aji. Masu sayar da kayan ƙawa kan lallaɓa su sayi iPhone ta hannu, ba don fankama kaɗai ba, don hoton leshi da gwal ya fi fitowa a cikinta.

Akwai wani dalili da ba a cika faɗa ba. Facebook da Twitter na farko dandalin masu rubutu ne, wanda bai yi boko ba ɗan kallo ne a cikinsu. Saƙon murya na WhatsApp da gajeren bidiyo suka rushe wannan katanga. Tsohuwar da ba ta iya haɗa baƙi ba tana iya danna alamar makirufo ta yi ciniki tsaf, har da neman ragi da addu'a. Mahaucin da ya tsaya a makarantar allo yana iya nuna kilishinsa a kan tabarma ya yi bayani da bakinsa. Al'ummar da ta ginu a kan sauraron rediyo ba ta sha wahalar karɓar wannan ba.

A ƙasashen Turai da Amurka an daɗe ana nazarin tallar da jama'a ke yaɗawa da kansu. Misalin da aka fi kawowa shi ne na Dollar Shave Club, ƙaramin kamfanin reza a Amurka, wanda a Maris ɗin 2012 ya saki bidiyon barkwanci da aka kashe wa dala 4,500 kacal. Cikin kwana 2 ya samu oda 12,000, a 2016 kuma Unilever ta saye shi a kan kusan dala biliyan 1. A 2014 gasar sheƙa wa kai ruwan ƙanƙara ta tara wa ƙungiyar yaƙi da cutar ALS ta Amurka dala miliyan 115. A wancan zamanin sai mutum ya ga abu ya burge shi, ya ɗauka da hannunsa ya tura wa abokansa. Yaɗuwa tana bin zumunci.

TikTok ce ta sauya wannan. Kamfanin ByteDance ya fitar da ita ga duniya a 2017, ya haɗe ta da Musical.ly a 2018, zuwa Satumban 2021 ta ce masu amfani da ita a wata sun kai biliyan 1. Da ka buɗe ta ba ta tambayarka su wa ka sani. Ita ke zaɓo maka, tana kuma lura da kai: wanne ka kalla har ƙarshe, wanne ka maimaita, a kan wanne yatsanka ya ɗan tsaya kafin ya wuce. A bayanin da kamfanin ya fitar a 2020 ya ce kallon bidiyo har ƙarshe yana da nauyi sosai a lissafinsa, yawan mabiya kuwa ba ya cikin abin da ake dubawa kai-tsaye. Wannan ne ya sa yaron shago mai mabiya 200 zai iya wayar gari dubban ɗaruruwa sun gan shi. Instagram da YouTube da Facebook duk sun kwaikwayi tsarin daga 2020. Sai dai kada a ɗauka komai lissafi ne tsantsa. A farkon 2023 mujallar Forbes ta bankaɗo cewa ma'aikatan TikTok suna da hanyar ɗaga bidiyon da suka ga dama da hannu, kamfanin kuma bai musa ba.

Wanda ya gane abin da na'urar ke so, shi zai riƙa ba ta. Shi ya sa gaisuwa ta gajarce, don daƙiƙu 3 na farko su ke yanke hukunci. Shi ya sa mai kaya ke ƙin faɗin farashi ya ce a biyo shi ta saƙo, don mutum 500 su rubuta "nawa ne?" na'ura ta ɗauka ana rububin abin. Shi ya sa kuma rigima ta zama jari. Lissafin bai bambance mai yabo da mai tsinuwa ba, duk wanda ya tsaya ya rubuta ya ƙara wa bidiyon tafiya. An ga haka a 2020 lokacin kullen korona, da waƙar Hamisu Breaker da aka fi sani da Jaruma ta zama abin da matan aure ke taka rawa da ita a gaban mazajensu ana ɗauka ana sakawa. Masu wa'azi suka yi ca, kowane faɗa kuma ya aika da sababbin masu kallo su je su ga abin da ake faɗa a kai. Tun daga nan masu neman suna suka riƙe darasin. Da yawa daga faɗace-faɗacen da ake yi tsakanin 'yan TikTok, a ganina, shiri ne, don da ƙura ta lafa sai ka ga kowannensu riƙe da kwalbar turare yana talla.

Batun kuɗi shi ne ya fi bayyana dalilin da tallar ta zama yadda take. YouTube tana biyan mai tasha kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallar da aka sa a dogon bidiyonsa, bayan ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo. Wannan ne ya farfaɗo da Kannywood bayan mutuwar faifai, fina-finai masu dogon zango irin su Izzar So da Labarina suka samu gida. Amma abin da mai talla ke biya don a nuna wa ɗan Najeriya bai kama ƙafar abin da yake biya don a nuna wa Ba'amurke ba, don haka kallo miliyan a nan ba ya kawo abin da mutane ke zato. Facebook sai a tsakiyar 2024 ta buɗe wa 'yan Najeriya ƙofar samun kuɗin talla. Shirin TikTok na biya bisa yawan kallo kuwa a ƙasashe irin su Amurka da Birtaniya da Faransa da Jamus aka buɗe shi, babu Najeriya a ciki. Abin da ya rage wa ɗan TikTok na Kano ko Kaduna shi ne kyautar da masu kallo ke jefa masa idan yana shiri kai-tsaye, wadda kamfanin ke yanke kaso mai tsoka a ciki, sai kuma tallar da zai karɓa da kansa.

To wa ke zuwa da kuɗi a hannu? Manyan kamfanoni suna da wakilansu a Legas, ba kasafai suke waiwayar mai barkwanci da Hausa ba sai kamfanonin waya da na lemo da na sinadarin miya jefi-jefi. Waɗanda ke zuwa kullum su ne masu maganin gargajiya, masu kayan mata, masu man bilicin, masu sayar da filaye, da masu alƙawarin ninka kuɗi. Jarumin da ake ganin girmansa sai ya ɗaga jarka ya ce maganin sanyi ne da basir da ciwon suga da hawan jini, duk a jarka ɗaya, alhali ko ɗanɗanawa bai yi ba. Mai lasifika a kasuwar ƙauye ma yana faɗin haka, amma shi ana ganinsa ido da ido, mako mai zuwa zai dawo, wanda cikinsa ya ɓaci zai iya tare shi. Na waya ba ya dawowa ko'ina. Haka ma masu ninka kuɗi: MMM ta rufe asusun mutane a Disambar 2016, CBEX ta ruguje a Afrilun 2025, tsakaninsu an yi ƙanana ba adadi, kowacce da bidiyon wani yana nuna alat yana godiya. A 2024 ma an ga yadda harkar mainin ta mamaye Arewa bayan manhajar Notcoin ta fashe wasu suka samu rabo: dattawa da matan aure da almajirai kowa na dannar fuskar waya, kowa na roƙon a shiga ta mahaɗinsa. Da takwararta Hamster Kombat ta raba nata rabon a Satumba, mafi yawa abin da suka samu bai biya datar da suka ƙona ba. Wata da watanni jama'a suna yi wa kamfanonin talla kyauta.

Duk da haka ba zan bi sahun masu cewa abin duk sharri ne ba, domin wanda ya fi cin moriyarsa ita ce macen da ke cikin gida. Sana'ar matan kulle tsohuwa ce, amma kullum tana buƙatar ƙafar wani: yarinyar da za a hana makaranta ta ɗauki talla, ko dillaliyar da za ta ɗora nata a kai. Tun da WhatsApp ta kawo sitatus a 2017, mai turaren wuta da humra, mai dubulan da alkaki, mai ɗinkin zannuwan gado, kowacce ta samu hanyar nuna kayanta ba tare da ta taka ƙofar gida ba. Za ka ga an shimfiɗa farin ƙyalle a tsakar gida wajen ƙarfe 10 na safe, lokacin da hasken ya fi kyau, an jera kwalabe, hannu mai lalle kaɗai ke shiga hoton yana buɗe murfi, murya tana bayani daga gefe. Fuska ba ta fitowa, maigida bai da abin cewa. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023, duk da azabar da ya gana wa mutane, ya tilasta wa masu gudun banki buɗe asusu a OPay da PalmPay da Moniepoint, tiransifa ta zama ruwan dare. Da wannan zaren ya haɗu.

Idan aka bi cinikin daki-daki za a ga bidiyon mataki na farko ne kawai. Daga TikTok ko Instagram ake komawa WhatsApp, a yi ta musayar murya, a nemi ƙarin hoto, a nemi ragi. Sai a tura kuɗi a aiko hoton rasit. Sai mai kaya ta ba ɗan acaɓa ko mai adaidaita ya kai tashar Unguwa Uku ko ta Ƙofar Ruwa, a rubuta lambar mai karɓa a jikin leda da maka, a ba direba, a tura lambar direban. A duk tsawon wannan hanya babu takardar yarjejeniya, babu wanda ya riƙe kuɗin a tsakiya har kaya su isa. Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama, ga shi yanzu kullum ana yi. Abin da ke riƙe da shi amana ce, ita kuma ba ta zuwa da yawan kallo. Shi ya sa mai mabiya 3,000 da ƙawaye ke ba da shaidarta a gidan biki takan fi mai mabiya rabin miliyan ciniki. Masu biyan 'yan TikTok kuɗin talla da yawa sun gane haka bayan sun biya: wayarsu ta yi kwana biyu tana ruri, kowa na tambaya, masu saye ba su cika tafin hannu ba.

Hukuma fa? A takarda akwai doka. Dokar 2022 da ta kafa hukumar kula da talla ta ARCON a madadin APCON ta ce duk tallar da za a nuna wa 'yan Najeriya, har da ta kafofin sada zumunta, sai an tantance ta kafin ta fita, a Oktoban shekarar ma hukumar ta maka kamfanin Meta a kotu tana neman naira biliyan 30. NAFDAC ita ma tana buƙatar a nemi izininta kafin a tallata magani, kuma lambar da take ba yawancin magungunan gargajiya shaida ce cewa an duba ba su da illa a fili, ba shaida ce cewa suna warkar da abin da ake faɗa ba. Masu talla sun san wannan bambanci, masu saye ba su sani ba. Amma wace hukuma ce ke da idon da zai bi bidiyon da ake sakawa dubbai a kowace awa, da Hausa, wasu ma a sitatus da ke ɓacewa bayan awa 24?

Inda doka ke da sauri daban ne. A Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 kowanne, da tara, da sharar harabar kotu na kwana 30, saboda sun taɓa gwamnan lokacin, Abdullahi Ganduje. A Satumban 2023 wata mata a Legas ta rubuta a Facebook cewa wani tumatirin gwangwani ya yi mata zaƙi da yawa, aka kama ta, aka kai ta Abuja, aka gurfanar da ita a ƙarƙashin dokar laifukan intanet. Wanda ya taɓa mai mulki ko mai kamfani yana ganin sakamako cikin kwanaki. Wanda aka sayar wa jabu yawanci sai dai ya ce Allah ya isa, idan ma ya fito ya faɗa yana iya zama shi ne mai laifi.

Ga kuma wata matsalar da masu sana'ar ba sa son tunawa: duk wanda ya gina cinikinsa a kan waɗannan manhajoji tamkar mai rumfa ne a kasuwar da ba ya da takardar fili. Indiya ta haramta TikTok a Yunin 2020 dare ɗaya. Gwamnatin Buhari ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. A Satumban 2021 an katse sabis gaba ɗaya a Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka biyo da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, masu sana'a ta waya a can suka koma zaman jira. Ko ba gwamnati, kamfanin kansa kan rufe shafin da aka shekara 3 ana ginawa saboda ƙorafin abokan hamayya, kuma babu ofishin da za a je a yi bayani. Kuɗin shiga kasuwar ma yana hawa. Bayan sakin naira a Yunin 2023 dala ta tashi daga kusan naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, farashin waya ya bi ta. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data. Bidiyo kuwa shi ya fi komai shan data, kuma mai kallo ne ke biya. A rediyo mai talla ke biyan kuɗin isowa kunnenka, a waya kai ke sayen datar da za a yi maka talla da ita.

Sabon abin da ya shigo shi ne ƙirƙirarriyar basira. An riga an ga bidiyoyin bogi da aka sa wa Aliko Dangote magana a baki yana kiran mutane su zuba kuɗi a wani shiri, leɓe na motsi daidai da murya. Yawancinsu da Turanci ake yi, amma manhajojin kwaikwayon murya kullum ƙara harsuna suke. Ranar da za a ji muryar wani babban malami ko fitaccen jarumi, da Hausarsa da karin harshensa, yana yabon maganin da bai taɓa gani ba, waɗanda za su fara faɗawa su ne waɗanda bidiyo ya buɗe wa ƙofa tun farko, masu dogaro da ido da kunne. Hanyoyin tantancewa suna nan: ana iya duba lambar NAFDAC, ana iya binciken rajistar kamfani a CAC, ana iya duba ko hukumar SEC ta san da mai karɓar jarin. Dukkansu a rubuce suke, kuma da Turanci.